Kafin Gash Ya Kawo

Ni mai agashe ne a Kasala.
Tun la'asar bakina a buɗe yake
kamar ƙofar kasuwa:
da Larabci in kira mai wucewa,
da Hausa in tsawata wa yaron gawayi.
In na koma gida sai in rataye harshena
a ƙusa ɗaya da rigar hayaƙi.

Rumaisa ta cika shekara biyu da wata uku
ba ta ce Baba ba, ba ta ce Inna ba.
Nuni take da yatsa,
mu kuwa, don so, mu miƙa mata
tun yatsan bai gama miƙewa ba.
Mastura ta kai ta asibiti, aka leƙa kunne biyu,
aka ce lafiya lau.
Muka sayo mata waya mai waƙa.
Waya ta yi ta waƙa, yarinya ta yi ta kallo.

Gwaggo Azumi ce, ran da ta zo shan gahawa,
ta dube ni ta saman finjali:
"Kai da kake sayar da murya a titi,
ba ka rago wa 'yarka ko ƙwaya?
Randa ba ta ba ka ruwan da ba ka zuba ba."

Kunya ta shiga ni har ɓargo.

Washegari na zaunar da ita a tabarma,
nesa da wuta, kusa da ni,
ina yanka ina faɗa:
ga albasa, mai sa kuka ba ta doki kowa ba;
ga ƙuli-ƙuli, ji ƙararsa a turmi;
wannan lemo ne, lasa.
Ta yamutsa fuska, na yamutsa tawa,
na ce tsami! Muka yi dariya.
Akuyar maƙwabta ta yi kuka, na ɗaga yatsa: ji, ji.
Garwashi ya yi ja, na ce zafi. Zafi.

Mako uku ina zuba kamar kanya.
Gwaggo ta dawo, ta toshe kunne:
"Yanzu kuma ka cika gidan.
Ina za ta ajiye tata?
Tambaye ta, ka yi shiru, ka ƙirga goma a zuci."

Wannan ya fi fifita wuta wuya.
Mai talla tsoron shiru yake.
Amma na durƙusa har idona ya zo daidai nata,
dabino a dama, mangwaro a hagu,
na ce wanne? Na cije leɓe.
Biyar. Shida. Bakwai.
A takwas wani ɗan sauti ya leƙo,
rabin kalma, ba kai ba wutsiya.
Na karɓe shi hannu biyu kamar cinikin farko,
na mayar mata da shi cikakke: dabino.

Gash dai kowa ya san halinsa.
Wata da watanni yashi ne zalla,
jakuna su ratsa shi, yara su buga ƙwallo a cikinsa.
Ruwan da zai cika shi can yake sauka
a duwatsun da ba ma gani.

Ran da ya kawo, na saɓa ta a wuya,
mu uku muka hau gada.
Ga shi ja wur, yana janye da itatuwa,
dutsen Taka na kallo daga nesa.
Kalmar ta zo mini har baki, na haɗiye.
Na ƙirga.
Ta damƙi kunnena ta ce, "Ruwa."
Ta juya wajen uwarta ta ce, "Moya."
Mastura ta rufe fuska da mayafi.
Ni kuwa ba albasa a kusa
da zan ɗora wa laifi.

Jiya da asuba na kai hannu ga shayi.
Wata 'yar murya daga bayana:
"Baba, zafi."

Na ajiye kofin.
Na jira sauran.